Tsohuwar Gorar Roba da Hasken Rana: Hanyar Tsabtace Ruwan Sha

A gidan Bahaushe da wuya mazubi ya tsaya a kan aikinsa na farko. Gwangwanin madara idan ya ƙare, sai ya zama ma'aunin mai sayar da gyaɗa, ko kuwa maƙeri ya mai da shi fitilar aci-balbal. Kwalbar lemo takan koma ta man gyaɗa, gorar roba kuma ta zoɓo ko kunun aya. To, akwai wani aiki da wannan gora ke iya yi wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci, ko da yake kaɗan ne suka san shi. Idan aka haɗa ta da hasken rana, tana taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan sha, ba tare da an hura wuta ko an sayi magani ba.

Tun a shekarar 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Amma wanda ya kai wannan ilmi ga ruwan sha shi ne Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut, wanda UNICEF ta buga sakamakon bincikensa a 1984. Daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a ƙasar Suwizalan ta zurfafa gwaje-gwaje, ta fitar da ƙa'idojin da ake bi yanzu.

Sirrin abin yana cikin wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altirabayolet. Wannan haske na ratsa jikin gorar, ya lalata ƙwayoyin cutar kai tsaye. Haka kuma yana haɗuwa da iskar oksijin da ta narke a ruwan, su haifar da wasu sinadarai masu gajeren rai da ke yi wa ƙwayoyin lahani. Zafi ma na da nasa rabon, domin idan ɗumin ruwan ya haura digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, aikin kan yi sauri ƙwarai. Ta haka ake rage ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifod da zawo iri-iri.

Ba kowace gora ce ta dace ba. Ana bukatar fara garau, wadda ake hango abin da ke cikinta, kuma kada ta wuce lita 2. Idan aka duba gindinta za a ga lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku, ko haruffan PET. Mai launin kore ko ƙasa-ƙasa tana tare hasken, haka ma wadda ta tsufa ta yi ƙarje-ƙarje. Sai a cire takardar da ke jikinta, a wanke ta da sabulu, a zuba ruwa kashi uku cikin huɗu, a rufe a girgiza kamar daƙiƙa 20 don iska ta shiga, sannan a cika ta. Daga nan sai a kwantar da ita a kan rufin kwano ko wani fili da inuwa ba ta zuwa, ta yi awa 6 cikin rana sosai. Ranar da gajimare ya rufe fiye da rabin sama, kwana biyu a jere ake bukata, kuma hankali ya nuna a yi haka nan lokacin da hazon hunturu ya yi kauri. Ranar da aka wuni ana ruwa kuwa, dabarar ba ta aiki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen gurɓataccen ruwa. Laka da ƙura na zama wa ƙwayoyin cuta laima. Gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi a aji shi ne ya tsayar da cikakkiyar gora a kan manyan haruffan kanun jarida, ya leƙa ta bakinta. In ya iya karanta haruffan, ruwan ya isa a shanya. In ya kasa, sai a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna. Garin 'ya'yan zogale ma yana taimakawa wajen kwantar da laka.

Ya kamata malamai su jaddada wa ɗalibai cewa rana ba ta cire guba. Ruwan da sinadari ya shiga, haka zai fito ko ya shekara a kan kwano. Saboda haka gorar da ta taɓa ɗaukar maganin feshin ƙwari, ko fetur, ko kananzir, ba ta da wuri a harkar ci da sha, komai yawan wankin da aka yi mata, domin roba na riƙe ragowar irin waɗannan abubuwa.

Bayan an sauko da gorar, a bar ta ta huce a rufe, a tsiyaya a kofi mai tsabta. In aka juye ruwan cikin randar da kowa ke tsoma moɗa, ƙwayoyin cutar da ke hannu da gindin moɗar za su sake shiga cikinsa.