Filin Ƙwallo a Ƙasar da Ba a Barin Saura

Wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi daga Kano a tsakiyar damina zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashinsu, sai itatuwan gawo da ɗorawa da darbejiya jefi-jefi. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Taki da toka da shara ake kai mata kowace shekara don ta ci gaba da bayarwa. A irin wannan wuri ƙasa tana da daraja ƙwarai. Cikakken filin ƙwallo kuwa, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ya kai kashi bakwai cikin goma na hekta, wato ya fi abin da wani magidancin ya gada. To, me ya sa ƙauyuka ke haƙura da irin wannan fili saboda wasan yara?

Da farko dai, yawancin ƙauyuka ba su ware fili don ƙwallo ba, aro ake yi. Ko dai filin makarantar firamare bayan an tashi, ko filin idi da ke zaman banza tsakanin salla da salla, ko kuwa gonar wani bayan an kwashe amfani. Wannan na ƙarshe shi ya sa kakar wasan ƙauye take bin kalandar noma. Gero yana shiga gida wajen Satumba, dawa sai Nuwamba, daga nan yara su sami wuri har zuwa ruwan shuka. Su za su tumɓuke tushen kara, su share ƙaya da ƙarangiya, su ja layi da toka, su kafa sanduna biyu su ɗaura igiya a sama. Ƙananan cikinsu ba sa jiran ƙwallon kanti: leda da tsumma ake dunƙulewa a ɗaure da roba, a buga ba takalmi daga la'asar har a kira magariba. Mai gona yakan yi gunaguni cewa ana daddaɓe masa ƙasa, kuma yana da gaskiya, domin inda aka yi rani ana gudu garma takan sha wuya.

Kafin ƙwallo ta zo akwai wasannin da suka riƙe wannan matsayi. Kokawa da dambe na kaka ne, lokacin da rumbu ya cika. Langa kuwa ita ce ta fi kama da wasan ƙungiya: kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, ɓangare guda na kare wanda ake kira ruwa har ya kai inda aka shata, ɗaya ɓangaren na neman kayar da shi. Yau langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, amma a dandalin ƙauye ta yi sanyi. Rediyo, sannan gidajen kallo masu janareta, sun kawo Arsenal da Barcelona har ƙauyen da babu wutar lantarki.

Idan aka tambayi yaro amfanin ƙwallo, zai ambaci Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ko Rabi'u Ali da ya daɗe yana jan ragamar ƙungiyar. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma jera ta sau uku daga 2012 zuwa 2014. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, na farko a 1985. Akwai kuma gasar matasa ta Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed. Duk wannan gaskiya ne, sai dai tsanin da ke tsakanin gonar Kunchi ko Makoda da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata dogo ne ƙwarai, kuma 'yan kaɗan ne ke hawansa. Wanda ya auna ƙwallon ƙauye da yawan taurarin da ta fitar zai ce asara ce.

Ribar tana wani wuri dabam. Kulob ɗin ƙauye shi ne ƙungiya ta farko da yaro ke gudanarwa ba tare da babba ya tsaya a kansa ba. A gida umarnin uba ne, a makarantar allo na malam, a gona na yaya. A fili kuwa su ne ke zaɓen kyaftin, su sa wanda zai riƙe kuɗin karo-karo, su yanke tarar wanda ya ƙi zuwa atisaye. In kuɗin riguna bai cika ba, sukan haɗu su yi ƙwadagon noma ko roron gyaɗa, abin da ya zama sabon salo na tsohuwar gayya. Ɗan mai unguwa da ɗan maƙeri da almajirin da aka kawo daga wani gari riga ɗaya suke sawa, kuma wanda ya fi iya taka leda shi ake ba lamba goma. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban sa'o'insa ya yi bayanin inda kuɗin ƙwallo ya shiga, ya riga ya fara koyon abin da ƙungiyar manoma ko kwamitin masallaci za su nema a wajensa gobe.

Akwai kuma darasin usur. Wasa tsakanin ƙauye da ƙauye ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda da alƙali ɗaya, sun karɓi hukuncinsa ko da bai yi musu daɗi ba. Ba kullum ake dacewa ba. Ana tashi baram-baram, har dagatai su shiga sulhu. Amma rigimar da aka yi a kan bugun fanareti ta fi sauƙin kashewa a kan ta iyakar gona, kuma samarin da suka saba haɗuwa a fili sun san juna da suna kafin wata fitina ta taso.

Rani lokaci ne mai haɗari ga matashin karkara. Masu ƙarfi sun tafi ci-rani Kano ko kudu, waɗanda ke kusa da madatsar Watari a Bagwai ko ta Thomas a Dambatta suna da noman rani, sauran kuwa sai zaman majalisa. Shaye-shaye ya yi ƙamari a Arewa har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ƙwallo ba magani ba ce, kada a yi mata ƙarin gishiri. Akwai masu sha a cikin 'yan wasa ma. Abin da take yi shi ne cinye sa'o'in yamma, ta kuma sa a lura da yaro: in bai zo fili kwana biyu ba, wani zai je ƙofar gidansu ya tambaya. 

Iyaye suna da ƙorafinsu, kuma ba na banza ba ne: ƙwallo tana cin lokacin Islamiyya, karaya tana kai mutum wajen mai ɗori a lokacin da ake buƙatar hannunsa a gona, caca ta fara bin wayoyin hannu, ga 'yan damfara da ke karɓar kuɗi da sunan kai yaro gwaji waje. Kofunan da 'yan siyasa ke sawa sukan bayyana gab da zaɓe, su ɓace bayansa. 'Yan mata kuwa ba su da rabo a filin, gaɗar dandali da ta kasance tasu ma tana ja da baya, ba a kuma samar musu madadinta ba.

Babbar barazana dai ita ce ta fili. Gado yana ƙara yanka gonaki, garuruwan bakin titi irin su Dawanau da Bichi suna mayar da gonakin gefensu fulotai, makarantu kuma suna gina sababbin azuzuwa a kan filin wasansu saboda yawan ɗalibai. Filin aro ba shi da takarda, don haka ranar da mai shi ya sami mai saye, samari sai dai su cire sandunansu su nemi gonar da ke gaba.