Yadda ake gabatar da kai da Turanci

Bahaushe ba ya gaggawar faɗin sunansa. Sai an yi sallama, an tambayi gajiya da iyali, wani lokaci ma har a rabu ba a ji sunan juna ba. Bature kuwa da suna yake farawa, gaisuwarsa ba ta da tsawo.

A gaban masu ganawar ɗaukar aiki, ko a taron da ba a san ka ba, ka faɗi cikakken suna, na yanka a gaba, na mahaifi a baya: "Good morning, my name is Musa Garba." Sai ka ƙara aikinka ko inda ka fito a jimla ɗaya, ka tsaya nan. Ko sunayenka huɗu ne, "my name is" ake cewa. "My names are" da ta cika ofisoshinmu, a kunnen Bature kuskure ce. Idan aka faɗa maka suna, ka amsa da "Pleased to meet you." Ita kuwa "How do you do?" ta tsofaffin littattafan makaranta, yau da wuya ka ji ta ko a Ingila.

Wurin laƙabi aka fi yin tuntuɓe. Mutum ba ya kiran kansa "Mr", wasu ne ke kiransa haka, kuma da sunan mahaifi ake haɗawa: Mr Garba, ba Mr Musa ba. Macen da ba ka san ko tana da aure ba, "Ms" ta wadatar. "Sir" na sarautar Ingila kuwa da sunan yanka yake tafiya, shi ya sa Sardauna, da aka ba shi wannan laƙabin a 1959, ya zama Sir Ahmadu, ba Sir Bello ba.

Cikin tsararraki abin ba wuya: "Hi, I'm Musa." In aka ce "How are you?", gaisuwa ce kawai, ba a buɗe maka ƙofar labarin zazzaɓin jiya ba, ka ce "Fine, thanks. And you?" A waya kuma "This is Musa" ake cewa.

Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne dattijo sa'an mahaifinka, musamman Ba'amurke, ya ce ka kira shi da sunansa gatsau. Da gaske yake, kuma nacewa da "sir" bayan nan sai ya ga kamar kana ja da baya ne. Amma ka bari shi ya fara ba da izinin. Shekaru da albashi da maganar aure kuwa, ba a tambayar su a haɗuwar farko.