Yadda ake gano sirrin haske a hoton 'yarinyar Afganistan'

Da wuya a samu mai yawo a intanet da bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wata yarinya sanye da jan mayafi mai ɓula-ɓula, ta juyo ta kafe mai kallo da korayen idanu. Ba'amurke mai ɗaukar hoto Steve McCurry ne ya ɗauke shi a 1984, a sansanin 'yan gudun hijira na Nasir Bagh da ke kusa da Peshawar a Pakistan, lokacin da yaƙin Tarayyar Sobiyat ya raba miliyoyin 'yan Afganistan da gidajensu. A watan Yunin 1985 mujallar National Geographic ta sa shi a bangonta.

Shekaru arba'in ke nan masu koyon sana'ar hoto suna zuba masa ido da tambaya ɗaya: yaya aka yi ya fito haka? An san kayan aikin. Kyamarar Nikon FM2 ce, da gilashi mai milimita 105, da fim ɗin Kodachrome 64. Sai dai sayen irin waɗannan kaya bai taɓa ba wani irin wannan hoto ba. Amsar tana jikin hoton, kuma da wayarka ma za ka iya binciko ta.

Fara da ido

Buɗo hoton, ka ja shi da yatsu biyu har idanun su cika fuskar wayar. Ido tamkar madubi ne mai lanƙwasa, duk abin da ya haska fuska sai ya bar tambarinsa a kai. Fitilar kyamara tana barin ɗan ƙaramin ɗigo mai kaifi a tsakiya. Taga ko ƙofa kuwa tana barin fari mai ɗan faɗi. Ƙwararru daga nan suke fara karatu, domin ƙyallin nan yana faɗa musu yawan hasken, da girmansa, da inda ya ɓullo.

A cikin tanti aka ɗauki hoton, tantin da aka mayar makarantar 'yan mata, kuma hasken rana ne kawai ya yi aikin. Duba baƙin ɗigon tsakiyar idonta, za ka ga ya tsuke. Haka ido ke yi idan ya fuskanci haske. Da ɗigon ya tsuke, sai koren zoben da ke kewaye da shi ya samu fili ya bayyana. Da a ce duhun tantin take kallo, da baƙin ya buɗe ya cinye rabin koren nan da duniya ke magana a kai.

Daga ido sai inuwa. Rana tsaka tana zana inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hanci da gira, shi ya sa hoton da aka ɗauke ka da azahar a fili yake mayar da idanunka ramuka. A fuskar yarinyar babu wannan. Haske yana narkewa cikin inuwa a hankali, alamar cewa ya fito daga wuri mai faɗi kuma ba kai-tsaye daga rana ba. Wanda ya taɓa lura da fuskar mutumin da ke zaune a bakin zaure da hantsi, jikinsa a inuwa yana kallon waje, ya san irin hasken.

Abin da gilashi da fim suka ƙara

Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da gilashi mai milimita 26 ko kusa da haka, saboda haka sai ka matso sosai kafin fuska ta cika hoto, kuma matsowar ce ke kumbura hanci ta tura kunnuwa baya. Gilashi mai milimita 105 yana ba mai hoto damar tsayawa nesa da 'yan taku, fuska ta fito a yadda ido ya saba ganinta.

Lambar 64 kuma tana nufin fim ɗin ba ya saurin kama haske. A wuri mai ƙarancin haske dole a buɗe bakin gilashin sosai, kuma idan aka yi haka iya abin da aka saita ne ke fitowa tar, sauran ya dushe. Dalilin da ya sa bayanta ya zama kore kawai ke nan, babu abin da ke jan hankali daga fuskar. Wayoyin yau da manhaja suke kwaikwayon wannan dushewar, kuma sau da yawa gefen gashi ko bakin ɗankwali ne ke tona musu asiri.

Launi kuwa, ni dai a ganina, rabo ne ya haɗa shi. Ja da kore launuka ne da ke ƙara wa juna ƙarfi, ga jan mayafi, ga koren bango, ga koren ido, ga koriyar riga tana leƙowa ta ɓular mayafin. Kodachrome ya yi suna wajen fito da launi mai kauri. Kamfanin Kodak ya daina yin sa a 2009, kuma McCurry aka ba naɗin ƙarshe.

Akwai abin da lissafin haske ba ya faɗa. McCurry bai rubuta sunan yarinyar ba. Fuskarta ta zaga duniya shekara 17 ba a san ko wace ce ba, ita ma ba ta san da hoton ba. Sai a 2002 tawagar mujallar ta gano ta: Sharbat Gula, Bafashtuna, ta yi aure har da 'ya'ya. Tabbatar da cewa ita ce ya sake komawa ga idon. John Daugman na Jami'ar Cambridge, wanda ya ƙirƙiro dabarar tantance mutum da zanen ƙwayar idonsa, ya gwada tsohon hoton da sababbi ya ga sun dace. Hasken da ya tsuke baƙin idonta a 1984 shi ne ya bar zanen a fili har aka iya auna shi.

Shaharar ba ta kare ta daga wahala ba. A 2016 hukumomin Pakistan suka kama ta kan zargin mallakar katin shaida na bogi, suka mayar da ita Afganistan. A 2021, bayan Taliban ta sake karɓe mulki, Italiya ta ba ta mafaka.

Kallon nan da masu sharhi suka yi ta fassarawa, ita ta ce abin da take tunawa fushi ne: baƙon namiji ne a gabanta, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Da aka nuna mata hoton karon farko, ɓular mayafin ce ta ba ta kunya. Ta ce wutar girki ce ta ƙona shi.