Yadda ƙugiyar haruffan Hausa ke ɓacewa tsakanin kwamfuta da takarda

Duk wanda ya tashi daga Kirikasamma zuwa Haɗejiya don a buga masa takardar gayyata ko wasiƙar ƙungiyar manoma, akwai abin da ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi: ko haruffan ƙ, ɗ da ɓ sun fito da ƙugiyarsu. Sau da yawa sai a ga ɗan akwati babu komai a gurbinsu, ko kuma mai bugun ya sa k, d da b kawai don ya huta. Sunan Haɗejiya kansa yana cikin waɗanda abin ke shafa.

Mai karatu kan gane manufa daga jimla, amma ba kullum ba. Harafi ɗaya ne ya raba fada da faɗa, haka baki da baƙi. Takardar da ke kiran mutane zuwa fada ba ta son irin wannan ruɗani.

Matsalar tana da tarihi. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da samfurin haruffa mai suna Rabi'at, wanda ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Dabararsa ita ce ɗora haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan wasu alamomi. Muddin samfurin yana cikin kwamfuta, komai zai fito daidai. Da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da shi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Har yau akan ci karo da irin wannan rubutu a intanet, kuma mai neman kalma ba zai same ta a ciki ba.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, har da ƴ da ake amfani da shi a Nijar a inda 'yan Najeriya ke rubuta 'y. Sai dai ba kowane samfuri ne aka zana masa su ba. Idan babu, Microsoft Word kan aro harafin daga wani samfurin, shi ya sa akan ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma.

Charis SIL, Andika da Noto duk suna ɗauke da su, manya da ƙanana, kuma kyauta ake sauke su. Ana saka su a kwamfuta sau ɗaya, a zaɓe su tun kafin a fara bugu. A waya kuwa, Gboard yana da allon Hausa. Wanda ya rubuta takardarsa a gida, ya fi masa ya mayar da ita PDF kafin ya kai shago, domin PDF kan tafi da haruffan a cikinsa ko da kwamfutar shagon ba ta da su.