Zabtarewar Ƙasa: Abin Da Ke Kawo Ta Da Yadda Za Ku Tsare Kanku



Kun saba jin muna yi muku magana a kan zazzaɓin sauro da gudawa da ƙyanda. Yau maganarmu a kan wani haɗari ne wanda ke kai mai lafiya asibiti, ko kushewa, cikin ƙiftawar ido, watau ƙasa ta zabto ta danne mutum. In haka ta faru sai ka ji ana cewa ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na Allah ne. Amma ku sani ƙasa ba ta zabtowa haka kawai. Akwai abin da ke kawo ta, kuma sau da yawa takan nuna alama kafin ta faɗo.

ABIN DA KE RIƘE DA ƘASA

Ka ɗebi yashi busasshe ka zuba a tsakar gida. Za ka ga ya yi tsibi mai gangare, kuma kome ƙoƙarinka ba zai tsaya sak kamar bango ba. Kowace irin ƙasa tana da iyakar tsayuwar da za ta iya. Yashi ba shi da riƙo. Yumɓu da jar ƙasa sukan tsaya kamar bango in sun bushe, shi ya sa suke yaudarar mutane. Kullum nauyin ƙasa yana jan ta zuwa ƙasa, riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinta kuwa yana hana ta. Ranar da nauyi ya fi ƙarfin riƙo, ranar take faɗowa.

Kada ka raina nauyinta. In an yanko ƙasa mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1, nauyinta ya kai na buhun gero 15, ko fiye. Wane ƙato ne zai tashi in an ɗora masa buhu 15 a ƙirji?

ABUBUWA UKU DA KE KAWO ZABTAREWA

Na fari, ruwa. In marka ta kama cikin watan Agusta, aka kwana biyu ko uku ana ruwa, ƙasa takan sha ta ƙoshi. Nauyinta ya ƙaru, riƙonta ya ragu, domin ruwan ya shiga tsakanin ƙwayoyin ya raba su. Zafin rani kuma yakan tsattsage yumɓu, ruwan damina ya bi tsagar ya shige can ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, cin gindi. Mai ɗibar ƙasar gini yakan bi wurin da ta fi taushi, ya yi ta kwarzane gindin gaɓa har ya yi kogo, saman ya zama kamar rumfa. Rumfar nan ba ta da ginshiƙi. Haka ruwan kwazazzabo ke yi: ya ci gindin gaɓa, saman ya karye ya faɗa, kwazazzabon ya matso kusa da gona ko gida, kowace damina da abin da zai ci.

Na uku, tsiraita ƙasa da ɗora mata kaya. Saiwar itace da ta ciyawa tana ɗinke ƙasa kamar zare a tufa. In aka sare itatuwan tudu, aka tumɓuke geza da sabara, dabbobi suka cinye sauran, ruwa zai gangaro da gudu yana tafe da ƙasa da tsakuwa. Haka nan tara ƙasar da aka haƙo a bakin rami, ko tsayar da amalanke ko tifa a nan, ƙara wa gaɓa nauyi ne.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Ran 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, gefen wani babban tudu ya zabto a kan gidaje a bakin Firitawun, babban birnin Saliyo, da asuba mutane na barci. Waɗanda suka mutu da waɗanda aka rasa gawarsu sun fi 1,000. Dā wurin kurmi ne, aka yi ta sarewa ana gina gidaje a gangare.

Ga kuma na kusa da mu. Cikin watan Nuwamba 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a ƙasar Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, a ƙalla mutum 18 suka rasu. Ku lura, wannan bayan damina ne. Haƙa kaɗai ta isa. Cikin watan Yuni 2024 kuma ramin ma'adinai ya rufta da ma'aikata a Galkogo, ƙasar Shiroro ta Jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa.

Tuddanmu na Roni da Kazaure ba su kai na Saliyo tsawo ba. Amma gaɓar da ta kai tsawon mutum ta isa ta kashe mutum. Wuraren da za ku yi hattara da su a nan su ne kududdufi da ramin ɗibar ƙasa ko burji, da rijiya da masai in ana haƙa su, da gaɓar kwazazzabo da ta rafi, da gidan da aka gina a gindin tudu.

ALAMUN DA ZA KA DUBA

In ka ga tsaga a saman gaɓa tana bin bakinta, ko ƙasa na ɗan zubowa ba wanda ya taɓa ta, ko ruwa na tsattsafowa daga jikin gaɓa, ko gindinta ya kumburo, to fita nan da nan, ka fitar da kowa. A gida kuwa, in katanga ta soma tsagewa, ko ƙyaure ya ƙi rufuwa alhali dā yana rufuwa, ko itace ko dangar bayan gida ta karkata wajen gangare, ƙasar wurin tana motsi ke nan. Kada ku kwana a ɗakin nan daren da ake ruwa. Ku nemi wurin maƙwabci, ku sanar da mai unguwa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kai mai ɗibar ƙasa, fara daga sama ka gangaro, kada ka yi kogo ko kusa. In rami ya wuce ƙafa 4, watau ya kai ƙirjinka, ka kwantar da gefensa ya yi gangare, ko ka yanka shi hawa-hawa kamar matakala. In ƙasar mai yashi ce, kowace ƙafa 2 ta zurfi ka ja da bakin ramin baya ƙafa 3. Ƙasar da ka haƙo ka zuba ta nesa da baki, a ƙalla taki ɗaya. Kada ka shiga rami ranar da aka yi ruwa ko washegari. Kada ka yi aiki kai kaɗai. Wani ya tsaya a sama yana duba gaɓa. Kada ka huta ko ka ci abinci a inuwar gaɓa.

Ku iyaye, kada ku aiki yaro da jaki da mangala ya ɗebo ƙasa ba babba tare da shi. Yaro yana son wurin da ƙasa ta yi taushi da inuwa, wurin nan kuwa shi ne kogon da muka faɗa.

Ku masu haƙar rijiya, in kun iske yashi, ku sa zoben siminti kuna haƙa yana sauka, kada ku bari sai kun kai ruwa.

Kai maigida, kada ka yi gini a bakin kwazazzabo ko daf da gindin tudun da aka yanka. Kafin ruwan fari ka gyara indararo da magudana, ruwa ya fita nesa da gindin katanga, kada ya zuba a kan gaɓa.

Ku manoma, ku yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Ku jera duwatsu layi-layi a gicciyen gona, ku dasa gamba ko jema a bayansu. Ƙaramin kwari ku tare shi tun yana ƙarami da duwatsu da buhunan ƙasa, ku fara daga kansa. Ku bar itatuwa da ciyawar bakin rafi. Wannan aiki an gwada shi an ga amfaninsa: a Keita, cikin ƙasar Adar ta Nijar, tun daga 1984 mutane suka yi ta jera duwatsu da dasa itatuwa a kan tuddai, har ƙasar da ta zama fako ta koma ana nomanta. Duwatsu kuwa ba mu rasa su ba a Roni. In kwazazzabo ya fi ƙarfin gayya, dagaci da hakimi su kai maganar ga ƙaramar hukuma.

IN ƘASA TA DANNE MUTUM

Kada kowa ya faɗa ramin da gudu. Gaɓar da ta faɗo sau ɗaya tana iya sake faɗowa, a rasa biyu maimakon ɗaya. A kori 'yan kallo daga bakin rami, a sa mutum ɗaya ya lura da gaɓa, wani ya nemo mota, ya kuma sanar da ma'aikacin asibiti.

A yi sauri, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti 4 zuwa 6. In an kusa kai gare shi a ajiye diga da fartanya, a yi aiki da hannu da kwano. A fara buɗe fuskarsa, a share masa baki da hanci, sa'an nan a kwashe ƙasar ƙirjinsa, don kuwa ko kansa na waje ba zai iya numfashi ba in ƙirji na danne. Kada a ja shi da igiya ko da hannu. A tone shi sarai. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri har taimako ya zo.

A ɗauke shi a kan ƙyaure ko katako, wuya da baya a miƙe, wataƙila ƙashin bayansa ya karye. A kai shi asibiti, kamar Babban Asibitin Kazaure, kafin a nemi maɗori. Ko ya tashi da ƙafarsa ya ce lafiya lau, a kai shi. Naman jikin da aka daɗe da dannewa yakan saki guba cikin jini, ta je ta kashe ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu. Alamarta fitsari ya ragu, ko ya yi duhu kamar shayi. In yana da rauni kuma a tambayi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, domin ƙwayar cutar cikin ƙasa take.

To jama'a, kai da ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ke zaune kusa da kai a ɗakin shan magani, in ka koma gida ka karanta wa iyalinka. Kafin damina ta faɗi, ku zaga da mai unguwa ku duba kududdufan garinku, duk inda kuka ga kogo ku rushe samansa daga nesa da dogon itace, bayan kun tabbata ba kowa a ƙasa.

Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.