Daga Dala zuwa Kibo: Yadda ake kwana a kan dutse

Idan kai ɗan birni ne, da wuya a ce ba ka taɓa hawa Dutsen Dala ba. A hau matakala ana haki, a hango Goron Dutse da hasumiyoyin Masallacin Juma'a, a ɗauki hoto a ɗora a Instagram, kafin Magariba kowa ya sauko. Babu mai kwana. Ai ko ka so ma babu ɗakin da aka tanada, kuma ka san abin da Umma za ta ce in ta ji wai ɗanta zai kwana a mazaunin Barbushe.

Amma yanzu da yawon hawa duwatsu ke shiga ran matasa, za ka riƙa ganin bidiyon masu kwana a ɗakunan kan dutse a ƙasashen waje, har ka ji kana sha'awa. To bari ka ji abin da kyamara ba ta nunawa.

Ɗauki Kilimanjaro na Tanzaniya, dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895. Dalarmu mita 534 ne daga doron teku, sai ka kwatanta. Cikin hanyoyin hawansa, ta Marangu ce ke da ɗakunan kwana. A sauran tanti ake kafawa. Zangon farko Mandara, wajen mita 2,700, cikin daji mai damshi. Sai Horombo, wajen 3,700. Na ƙarshe Kibo, kusan 4,700, inda sai duwatsu da iska, ko ciyawa babu.

Kar ka zaci otal ne. Gadaje ne masu hawa biyu irin na makarantar kwana, ku cunkusu da baƙin da ba ka taɓa gani ba, wani na minshari, wani na tari. Wutar sola ce, sanyi kuma yana shanye cajin waya, don haka mutane ke cusa ta cikin jakar barci su kwana da ita. A Kibo babu famfo, 'yan dako ne ke hawo da ruwa daga ƙasa, kuma da dare sanyin yakan sa ruwa ya daskare. Hunturun Kano wasa ne. Ka yi tunanin alwalar Asuba a wurin tun kafin ka bar gida.

Barcin ma ba na kirki ba ne, domin wajen sha biyun dare ake tashinku a kama hanya, don a riski fitowar rana a sama. Ga kuma ciwon da ƙarancin iska ke kawowa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Ba ruwansa da ƙarfinka a filin ƙwallo, kuma yana kisa in aka yi masa taurin kai. Maganinsa na gaskiya a sauko. Shi ya sa masu hankali ke ƙara dare guda a Horombo don jiki ya saba, tafiyar ta zama kwana 6 maimakon 5. A ganina wanda ya tsallake wannan daren don rage kuɗi, arha ce ta tsada ya saya. Dokar gandun ma ba ta yarda ka hau ba tare da ɗan jagora ba, kuma kuɗin duka ya haura dala dubu. Ta Amurka fa, ba tamu ba.

In aljihu bai kai can ba, akwai Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na jihar Taraba, mita 2,419, mafi tsayi a Najeriya. Can tanti za ka ɗauka, da rani ake zuwa, kuma sai ka fara tuntuɓar ma'aikatan gandun kan hanya da yanayin tsaro kafin ka ɗaura jaka.