Yadda A Ke Samun Wutar Lantarki Daga Ɓawon Gyaɗa Da Ƙaiƙayi

Manoman Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ku saurara. Kowace kaka, bayan sussuka, a kan bar ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da totuwar masara tsibi tsibi, a cinna musu wuta. Alhali kuwa a cikinsu akwai ƙarfin da zai juya injin niƙa da na ban ruwa.

Ga yadda abin ya ke. Kun san shuɗin harshen wuta da kan tashi bisa gawayin maƙeri. Iska ce mai cin wuta ta ke fita daga gawayin. To, in aka zuba busasshen ɓawo cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya, aka bar masa 'yar kafar shan iska kaɗan, ba zai ƙone ƙurmus ba. In zafi ya wuce digiri 700, sai ya riƙa fid da irin wannan iska. Sa'an nan a sanyaya ta, a tace toka da kwalta, gama kwalta ita ke kashe inji. Daga nan a shigar da ita inji maimakon man fetur.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A yaƙin 1939 zuwa 1945, da fetur ya yi wuya, motoci dubbai a Turai da itace da gawayi suka yi tafiya. A 2007 kamfanin Husk Power ya haskaka ƙauyen Tamkuha a jihar Bihar ta Indiya da ɓuntun shinkafa.

Amma akwai gargaɗi biyu. Na fari, iskar nan dafi ce, ba ta da wari, ta kan kashe mutum cikin barci. Kada a kafa tukunyar a ɗaki, sai a rumfa mai shan iska.

Na biyu, ƙasarmu jigawa ce, damina kuwa gajeruwa. Karan gero da harawa da karmami abincin dabbobi ne, su ne kuma ke rufe gona kada iskar hunturu ta kwashe ta. Wanda ya sayar da su don wuta, ya sayar da amfanin baɗi. Kada kuma a sare gawo ko wani itace domin tukunyar. A ba ta abin da a da a ke ƙonewa a banza kaɗai, baƙin gawayin da ya rage kuwa a gauraya shi da taki a mayar gona.